Kifi Mai Shatin Haƙori

Yankan kifin da Tapan ya dangwarar a gaban Mizanur yana ɗauke da shatin haƙoran wani. An gatsa an ajiye, ga giɓi a tsakiyar shatin.

"Manaja, wa ya ɗanɗana mini?" in ji Tapan. "Ko sabon tsari ne, a tauna wa mutum kafin ya biya?"

Ɗakin cin abincin ya ɗauki bugun faranti. Mizanur ya dubi farantinsa, shi ya riga ya cinye nasa, har da tsotse ƙaya.

A wannan gidan kwana ɗalibai ne ke ciyar da kansu. Farkon wata kowa ya zuba kuɗinsa, a jefa ƙuri'a a fitar da manaja. Mai son ci ya rubuta sunansa a allo da safe, ƙarshen wata a raba kuɗin cefane da yawan farantan da aka rubuta. Manajan da farashin farantinsa ya haura taka arba'in a kuɗin ƙasar, sunansa ɓarawo har ya bar jami'a. Wannan watan ƙuri'a kan Mizanur ta faɗa, saura kwana uku ya sauka lafiya.

Ya ɗauki kifin da yatsu biyu ya nufi kicin.

Ya tarar da kuku Habul a tsugune, yana kankare wani kwanon ƙarfe da hannu yana juyewa cikin tukunya. Guntun kifi, tsotsattsen kai, shinkafar da aka cakuɗa aka bari. Ƙudaje sun tashi suka sake sauka.

"Kawu, me nake gani haka?"

"Lissafi kake gani, ɗana." Habul ya share hannu a zanen ƙugunsa. "Yanka casa'in da shida ka sayo. Baki ɗari da ashirin da shida nake ciyarwa."

"Suna casa'in da shida ne a allo."

"Talatin na Ripon ne."

Kowa ya san Ripon da abokansa na ɗakin sama. Sun shekara tara suna karatun shekara huɗu, su ke raba gadaje, kuma ba a taɓa ganin sunansu a allo ba. Kowa kuma ya san giɓin Ripon.

"Su huɗu ne a ɗakin nan, Kawu."

"Ban leƙa cikinsu ba. Nasu huɗu ya hau sama ya dawo, shi ne wannan. Sauran ga su can, ana zuwa ɗauka." Ya nuna kwanuka ashirin da shida jere a bayan ƙofa, cike, an ɗaure da tsumma. "In ƙara wa miyar wake ruwa, in sirance kifi, abin da ya dawo ya koma tukunya. Manajan da ya gabace ka ma ya gani. Ya tofar da miyau ya fita, aka tafa masa a talatin da tara."

Mizanur ya yi lissafin a tsaye. In ya hana wannan ƙazanta ya sayo abin da zai isa, faranti ya tashi hamsin da biyu, ya zama ɓarawo. In ya yi shiru, kwana uku ne kawai. Sai ya tuna kan kifin da ya tsotsa jiya, yana murna an ba shi babba.

Ya yi waje da gudu, ya amayar a bakin kwata. Da ya dawo ya kama kunnen tukunyar ya ja ta har can, ya kifar.

"Ka kashe kanka," in ji Habul, ba tare da ya tashi ba.

Mizanur ya kulle kwanukan a ɗakin ajiya, ya jefa makullin a aljihu. Ya fito ya ɗauki alli. Bugun faranti ya tsaya. A ƙasan suna na casa'in da shida ya rubuta da manyan baƙaƙe: Ripon, faranti talatin.

"To," in ji Tapan a hankali, "wa zai gaji katifarka?"

Ba a yi minti biyar ba Ripon ya sauko, yana sakace. Ya karanta allon, ya yi murmushi, giɓin ya bayyana.

"Ƙanena, hannunka ya zame. Goge."

"Yaya, dokar gida ce. Wanda ya ci ya rubuta."

"Dokar gida." Ripon ya dafa kafaɗarsa ya matse. "Bar rubutun, ka yi ado da shi. Kawo makullin."

Mizanur ya zaci mari, amma Ripon agogo yake dubawa, yana waiwayen ƙofar waje, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Makullin, Mizanur. Ƙarfe biyu ta wuce."

"In ta wuce fa?"

Ƙarar babur ta amsa masa. Wani ƙato ya shigo, siminti ya yi wa takalmansa fari, ba wanda ya taɓa ganinsa a jami'a. Ya dubi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ya zaro takarda daga aljihu ya warware.

"Leburorina ashirin da shida suna zaune a wurin gini ba su ci ba," ya ce. "Na biya kuɗin wata cif, ga rasit da sunan wanda ya karɓa."

Hannun da ke kafaɗar Mizanur ya sauka. Da ya waiga, Ripon har ya kai matakala.

Mutumin ya kawo takardar kusa da ido.

"Wane ne Manaja Mizanur a cikinku?"