Jan Biro a Wuyan Malam Hamma

Sadiyya ta kwance zaren, ta warware kwalin a kan teburin Malam Sunday, ta danne gefe da gefe da tafin hannu. Ba zanen take kallo ba, fuskar malamin take kallo, don mako uku ke nan tana jiran ta ga abin da fuskar nan za ta yi. Sai ta ga ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Malama Sadiyya, wannan fa?"

Ta sunkuya. Ga mahaifinta, Malam Hamma, kamar ka kira shi ya amsa: hular da ta karkata, ramin kunci, idon hagun nan da ya fi na dama lumshewa. Amma a daidai maƙogwaro an ja layi da jan biro, an maimaita, an sake maimaitawa, har kwalin ya kusa hujewa.

'Yan ajin suka matso, yawancinsu ta haife su. Musaddiƙ, wanda bakinsa ba ya jiran kansa, ya leƙo ta bayan kafaɗarta.

"Kai! An yanka tsoho!"

Ta juyo ta dube shi sau ɗaya, ya nemi kujerarsa.

Shekara goma sha bakwai tana koyarwa a firamare a Roni. Da aka rasa mai ɗaukar darasin zane aka liƙa mata, kamar yadda ake liƙa wa mai haƙuri duk abin da kowa ya ƙi. Ita kuwa ba ta iya koyar da abin da ba ta sani ba, shi ya sa ta shiga kwas ɗin ƙarshen mako a kwalejin nan ta Kazaure. Wata huɗu tana zana tulu da kwalba, tana miƙa hannu da fensir tana auna tsawo da ido ɗaya a rufe, tana koyon inda haske ke ƙarewa inuwa ta fara. Aikin ƙarshe shi ne mutum mai rai, kai da kafaɗa, da gawayi. Rabin makin samista a kansa yake.

Malam Sunday ya rage murya. Ya yi shekara ashirin a Kazaure, ya san inda ake taka ƙafa a hankali.

"Na san layin nan, duk shekara sai na gan shi. Amma mai zanen ne ke ja da kansa, siriri, da fensir, ban kuma taɓa hanawa ba. Wannan kam ya ci aikin."

"Ba ni na ja ba."

"Na gane. To, ƙarfe huɗu zan miƙa ayyuka, bayan nan ba a hannuna abin yake ba. Ki zauna ki zana tulu, zan karɓa. Ba za ki faɗi ba, amma iyakarsa ke nan. In ba ki kawo komai ba kuwa, sai baɗi."

"Malam, na gama da tulu."

Ta naɗe kwalin, ta karɓi sabo a hannunsa, ta fita ta tari ɗan acaɓa. Suka wuce duwatsun bayan gari, suka shiga gonakin gero, suka nufi gida. Mutum ɗaya ne ya shigo gidan da safen nan kafin ta fito, yayanta Muhammadu Lawal, da ya zo gaida Baba.

A tsakar gida ta same shi, yana wanke kwanon kokon tsohon.

"Yaya, kai ne?"

"Sallama dai tukuna."

"Na yi, ba ka ji ba. Kai ne?"

Ya aje kwanon, ya yarfe hannu. "Ni ne. Kuma da kin san abin da na tsare miki, da godiya za ki yi. Gobe ƙiyama a ce ki hura masa rai, da me za ki hura? An raba kai da jiki, shi ke nan, ya tashi daga hoto."

Haka ake faɗa, haka kuma ita ma ta ji tun tana aji uku, lokacin da suke yi wa kajin da suka zana a littafi layi a wuya. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi yadda tawadar biro ke kashe abin da bai taɓa numfashi ba.

"Wayarka cike take da hotunan 'ya'yanka. Wa ka yanka a cikinsu?"

"Wannan na'ura ce ta ɗauka. Malamai sun bambance."

"To sai ka zo ka gaya mini da baki! Ina da kunne, Yaya. Shekarata arba'in da ɗaya, ba 'yar goye ba ce ni. Ka buɗe mini kaya ina banɗaki, ka ɓata, ka naɗe, ka ƙulle da zaren kamar ba a taɓa ba, ka bar ni in je in buɗe a gaban yara! In don Allah ka yi, me ya kawo ɓoyo?"

"Ke, rage murya."

"Ba zan rage ba! Ka san yadda aka yi aikin nan? Minti goma-goma, don likita ya ce kar ya wuce haka a zaune. Mako uku ina tara fuskar Baba kamar mai tsintar gyaɗa a gonar da aka gama roro!"

Daga ɗaki murya ta fito, siririya amma ba ta rawa. "Ku kawo mini in gani."

Sadiyya ta so ta ɓoye, amma ba a yi wa Malam Hamma musu. Yana kwance a gefensa, kamar yadda ciwon bayan ya bar shi tun bara. Ta buɗe masa kwalin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kai hannu ya shafa wuyansa.

"Lawal, da hannunka?"

"Baba, hoton ne, ba kai ba."

"Na sani, ai ga shi ina magana." Ya yi tari. "Zancen hoto, malamai sun yi, ba ni zan raba musu gardama ba. Amma duk karatuna ban ji wanda ya ce a ɓata aikin mutum a bayan idonsa ba. Ke, ƙarfe nawa za a rufe?"

"Huɗu, Baba."

"Ɗauko kujera."

"Baba, likita ya ce..."

"Ya faɗi nasa. Kowa a gidan nan ya faɗi nasa yau, saura ni."

Ta zaunar da shi a bakin ƙofa inda haske ke bugun kuncinsa na hagu, ta liƙa sabon kwalin a kan faifan katako, ta ɗauki gawayi. Don fushi, layin farko ya fito da kauri, ba ta goge ba. Ta san wannan ba zai kai na farkon ba. Abin da aka yi a mako uku ba a yin sa cikin awa biyu, kuma wannan ba za ta yafe shi da wuri ba.

Muhammadu Lawal ya tsaya jikin bango, ya harɗe hannuwa. "Ni dai na faɗi gaskiya."



Minti goma ya wuce, sha biyar ya wuce. Gumi ya tsattsafo a goshin tsohon. Sadiyya ta gama zagayen kai, tana kan idanu, sai ta ga kafaɗarsa ta fara zamewa gefe kamar buhun da aka jingina ba daidai ba. Kafin ta aje gawayin, Muhammadu Lawal ya riga ya isa. Ya durƙusa a bayan kujerar, ya tare bayan tsohon da ƙirjinsa, ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, don Allah ka kwanta."

"Ko ka riƙe ni, ko ka sake ni."

Ya riƙe. Ya sunkuyar da kansa can ƙasa don kar ya shiga idon ƙanwarsa, ya juya fuska ga bango.

Sadiyya ta ci gaba. Ta yi hanci, ta yi ramin kunci, ta murza inuwar ƙarƙashin haɓa da ɗan yatsa. Da ta sauko kan kafaɗa sai ta tsaya. Yatsu huɗu ne a wurin, masu kauri, sun lotsa cikin rigar tsohon. Ta miƙa gawayin ta auna su da ido ɗaya, ta sa su inda suke.

"Yaya, yatsunka sun shiga."

Bai juyo ba. Ta ga haƙoransa sun cije, ta ga jijiyar hannun ta motsa, amma hannun bai ɗaga ba.

"Yi sauri ki gama," in ji shi. "Tsohon nan da nauyi."