Hannun Kaka Urma a Bango

Ku gafarce ni. Ni mai sauraro ce daga bayan murhu, ban taɓa ba da labari ba, kuma ga manya zaune. In na yi kuskure, a yafe mini.

Duk shekara idan ƙanƙara ta narke muka dawo kogonmu na bakin kogi, kowa yakan ɗora tafinsa a bango, ya guntsi jar ƙasa da aka kwaɓa, ya fesa har siffar hannun ta fito. Wanda ya kasa fesa nasa da bakinsa ba ya bin ayarin farautar barewa, a kogo ake barinsa. Ba a fesa wa wani.

A bana numfashin kakata Urma ya yi rauni. Sau biyu ta gwada, jar ƙasar tana dalalowa ta haɓarta. Ita kuwa ba ta taɓa rasa tafiyar ba.

Tsoho Belku, ƙanin mijinta, ya matso da fitilar kitse yana dariya.

"Matata, haƙura. Zauna ki yi wa jemagu gadi."

"Kai da kibiyarka ke tsoron barewa?" in ji Kaka. "Riƙe fitila, mai ƙafar zalɓe!"

Ta sake guntsa, kumatunta suka cika. Ta ɗora hannu, ta yunƙura. Shiru. Na ga idonta ya kawo ruwa.

Ni ce ke tallafe da ita ta baya, hannuna a cikin rigarta ta fata. Na kuma san wani abu da ba kowa ya sani ba, don tare muke kwana: Kaka ba ta jure cakulkuli. Sai na sa yatsu a haƙarƙarinta.

Dariya ta ƙwace mata. Fuuu! Jar ƙasa ta watsu a bango, ragowar ta wanke fuskar Belku har gemu. Da ta janye hannu, ga yatsu biyar raɗau.

Kogo ya ɗauki shewa. Belku yana tofarwa yana cewa, "Bango aka ce, tsohuwa, ba ni ba!"

Kaka ta ce, "Na haɗa ku ne, duk duwatsu ne! A ɗaure mini kayana, da ni za a tafi."

Sai ta fara waige-waige tana shafa haƙarƙari. Kafin idonta ya iso kaina, na sulale ta bayan matan da ke rawa, na gangara kogi.