Kafinta Ya Ƙi Kwanciya

"Ku sake ni! Na ce ba zan kwanta ba, ana dole ne?"

Ta katanga na jiyo muryar Kafinta. Na ajiye almakashi na zagaya, ko ɗankwali ban tsaya gyarawa ba. A falo na tarar da shi ya ƙanƙame hannuwan kujera, matarsa Maman Yara tana ja ta dama, 'yarsu tana ja ta hagu, duk sun haɗa gumi.

"Inna Tela, don Allah ki yi masa magana," in ji 'yar. "Yau kwana shida Baba yana kujerar nan. Dubi ƙafafunsa."

Sun kumbura suntum kuwa, ko silifa ba ta shiga. Tun da likita ya ce ciwon zuciyar ya fi ƙarfin magani, a kai shi gida a kula da shi, bawan Allahn nan bai yarda bayansa ya taɓa katifa ba. A zaune yake ci, a zaune yake gyangyaɗi, da barci ya fara ɗaukarsa sai ya zabura.

Shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka, rabinsu a faɗa muka yi su, a kan ruwan rufinsa da ke zuba a tsakar gidana. Kowa a unguwa yana ganin girmansa, dattijo ne a coci, shi ake kira in wani ya kwanta ciwo. Ni kaɗai ce ba na raga masa. Ina jin shi ya sa da na ce su ba mu wuri bai musa ba.

Na jawo kujerar roba na zauna a gabansa. "To, sarkin taurin kai, mene ne?"

Ya daɗe yana kallon ƙofa, sai da ya tabbata sun yi nisa.

"Tela, tsoro nake ji," ya ce a hankali. "Da na miƙe sai in ji kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji. Na san in na kwanta ba zan tashi ba."

"Ka gaya wa Fasto?"

"In ce masa me? Mutum nawa na riƙe wa hannu na ce kada su ji tsoro? Jiya ya zo ya karanta mini Maganar Allah, ina ta amin amin, ni kuwa tsoro ya cika ni. Ashe bangaskiyar tawa a baki ta tsaya."

Tausayi ya kama ni har ya ba ni haushi. Mutumin da ya rufa rabin gidajen layinmu, wanda ke yawo a saman coci hannu a aljihu, yau gado ne ya gagare shi.

Sai na tuno shekarar da maigidana ya rasu. Iska ta yaye mini kwano biyu, ga hadari ya sake haɗowa, babu kowa a kusa. Kafinta ya hau, ya ce sai na hau na danne masa gefen kwanon kafin ya buga. Na hau ɗin, na leƙa ƙasa, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Nan na durƙushe a saman ɗakina ina kuka wiwi.

"Ka tuna abin da ka ce mini ranar da na maƙale a rufi?"

"Na ce ki daina ihu kina tara mana jama'a."

"Bayan wannan."

"Na ce ki taka layin ƙusa."

Haka masu rufi ke yi. Kwano ba ko'ina ake taka shi ba, sai ya lotsa da mutum. Inda ka ga kawunan ƙusa sun jeru, nan katako yake a ƙasa.

"Na ce maka ban ga katakon ba," na ce. "Ka ce ba sai na gani ba, wanda ya kafa shi ya san aikinsa. Ƙafata na rawa na taka, tana rawa na isa tsani. Ka ga rawar ta hana katakon ɗaukata?"

Ya harare ni. "Wato da maganata kika zo yi mini wa'azi."

"Da ta wa zan zo? Taka ce kaɗai kake ji."

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Da numfashinsa ya daidaita sai ya runtse ido. Na sha jin addu'arsa a coci, doguwa mai tsari, har yara su fara hamma. Wannan ba irinta ba ce.

"Yesu, ga ni. Kai ma ka san tsoro, ba labari aka ba ka ba. Ƙafata rawa take yi, ban ga komai a ƙasa ba. Ka ɗauke ni haka nan."

Na ce amin, na share idona da bakin zane. Shi kuwa ya buɗe nasa ya ce, "Amma fa daga rufi ba a durowa. Mataki-mataki ake sauka. Matashin kai nawa kike da shi?"

Biyar muka tara, uku nasu, biyu nawa. Muka jingina su a kan gado, muka kama shi muka kai, yana ba da umarni kamar muna aiki a ƙarƙashinsa. Kusan a zaune yake, amma dai a gado. Ranar ya yi barcin awa uku da rana tsaka, ina kan keken ɗinki ina jiyo minsharinsa, ban taɓa jin daɗin minsharin mutum haka ba.

Kullum da safe sai ya ce a zare matashi ɗaya. Tsoron bai tafi gaba ɗaya ba. Rana ta uku ya farka a firgice ya damƙe hannun Maman Yara har ya bar shaida, ya sake addu'ar nan tasa, ya koma barci. Amma kunyar ta tafi. Da Fasto ya dawo, da bakinsa ya gaya masa komai, suka jima suna hira ƙasa-ƙasa. Mawaƙan coci suka zo suka cika falo, ya riƙa kaɗa yatsa a kan bargo, ya ce mai gangar har yanzu sauri yake yi. Ni kuma ya yi mini wasiyya a gyara indararon ruwan nan, wai kada in bi shi da mita har sama.

Rana ta biyar na shiga wajen ƙarfe huɗu da butar shayi. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, hawaye na zuba, amma ba ta yi sauti ba.

"Da kansa ya ce a zare na ƙarshen," ta raɗa mini. "Ya ce Mama ta zo ta kwanta kusa da shi, ta gaji. Bai daɗe da yin barci ba numfashin ya tsaya."

Na leƙa. Yana miƙe samɓal a kan katifa, bakinsa a ɗan buɗe, kai ka ce ya dawo daga aiki ne. Maman Yara tana kwance ta gefensa, ta tallafe kai da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana yi masa fifita da kwalin magani.

"Tela, na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ku ɗan jinkirta kiran mutane. Yanzu ya samu ya miƙe bayansa."

Na ajiye butar a ƙasa na zauna a bakin gadon. Waje yara suna dawowa daga makaranta, ita kuma ta ci gaba da fifitar a hankali.