Hular Baba a Cikin Jaka

Auta dai ma'aikaciya ce a sashen gashin ƙashi na asibiti, kuma tun da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye ta sa wa ranta sai ta kafa ƙungiyar da za ta riƙa bin masu irin wannan lalura har gida. Ta yi rajista, ta samu ɗan shago ta sa gado ɗaya da sandunan koyon tafiya. Abin da ya rage tallafi. Gidauniya biyu sun sallame ta da addu'a kawai, wannan ta uku kuwa in ta kuɓuce, sai dai a rufe shago.

Mijin yayarta, wanda kullum shi ne ya san kan komai, ya ce mata mutanen nan ba sa jin bayani, sai abin da idonsu ya gani. Ta tafi da Baba, amma kada a caɓa masa ado kamar ango.

Ranar zuwa, Inna ta yi wa mijinta wanka kamar yadda take yi kowace safiya, ta shafe shi da mai, ta fesa turare. Da Auta ta miƙo tsohuwar rigar nan mai koɗaɗɗen wuya, Inna ta dube ta, ta dubi rigar, ta sa masa. Amma ta ɗora masa hularsa. Baba tsohon direba ne, ko ƙofar gida bai taɓa leƙawa kai ba hula ba.

A bakin ofishin gidauniyar, Auta ta yi kamar tana gyara masa zama a kekensa na guragu, ta zare hular ta cusa a jaka. Baba ya bi jakar da ido. Bakin ba ya iya magana, amma ai idon lafiyarsa ƙalau.

Ɗakin da sanyi kamar firji, ga dogon tebur, ga mutum uku. Auta ta fara bayani tsaf, sai ta hangi ɗayansu yana latsa waya. Nan harshe ya ƙwace mata. Ta nuna Baba ta ce irin waɗannan bayin Allah ba su da mai duba su, wani ma sai ya kwana cikin fitsarinsa, gari ya waye ba wanda ya juya shi. Mai wayar ya ajiye waya.

Shugabar, wata dattijuwa mai tabarau, ta kalli Inna da ke tsaye bayan keke da hankici a hannu, ta tambaya ko ita wace ce.

Kafin Auta ta amsa, Inna ta karɓe zancen.

"Mai taimako ce ni, ranki ya daɗe," in ji Inna, tana goge wa Baba gefen baki. "Yau aka ɗauko ni."

Wannan fa matar da ƙugunta ya lalace wajen ɗaga shi, matar da ko biki ta daina zuwa. Da ƙasa za ta tsage, da Auta ta shige.

Shugabar ta yaba da yadda ƙungiyar ke samo masu taimako masu tsafta haka, ta ce za su tallafa, a zo a sa hannu mako mai zuwa. Auta ta yi godiya da wata murya da ita kanta ba ta gane ba.

A waje rana ta take. Mijin yayarta na ta kira, ta ƙi ɗauka. Ta ciro hular ta durƙusa gaban keken, sai Baba ya kawar da kai, ya sa hannunsa mai lafiya ya ture nata a hankali.

"Inna," ta ce, "don Allah ki yi haƙuri."

Inna ta karɓi hular, ta karkaɗe ta a cinya, ta ɗora masa, ta ɗan karkata ta gefe yadda yake so.

"Auta ke nan. Ni mai taimako, haƙurin me zan yi? Amma tunda kin faɗa, waɗanda ba su da kowa ɗin suna nan. Sai ki je ki nemo su, kada ki bar maganar ta tashi a banza."

Auta ta miƙa hannu za ta kama keken, Inna ta riga ta. Haka suka nufi bakin titi, tsohuwar na turawa tana ɗingishi, ita kuma tana biye da su a baya, rungume da jakar.