Manhajar Malamin Lissafi

Ranar Litinin za a koma makaranta, ga shi Asabar ta yi, Mataimakiyar shugaban makaranta ba ta da jadawalin darussa. Malamai arba'in suna jira.

Shekara goma sha takwas wata manhaja ke tsara mata shi, wadda mijinta, tsohon malamin lissafi, ya rubuta da hannunsa. Da aka kawo sabuwar kwamfuta ofis, sai manhajar ta koma da an buɗe ta, ta rufe.

Ta kira ƙanenta mai gyaran kwamfuta. Mijin ma ya biyo, ba a gayyace shi ba.

Ƙanen ya duba, ya ce, "Yaya, kwamfutar ce ke kashe ta. A ƙwaƙwalwarta akwai wurin ajiye bayanai, akwai wurin ba da umarni. Manhajar mijinki daga ɗakin ajiya take ba da umarni, yadda ɓarayin manhajoji ke yi."

"Ɓarauniya? Tawa?" in ji mijin. "Lokacin da na rubuta ta ko maɓallin riga ba ka iya sawa ba. A kashe tsaron gaba ɗaya!"

"Malam, don baƙo ɗaya ba za mu kori maigadi ba. Sunanta za mu ba shi, ya bar ta ita kaɗai ta wuce."

Ya sa ta a jerin waɗanda aka yafe wa, ya kashe kwamfutar ya kunna. Mataimakiya ta danna. Manhajar ta sake rufewa. Mijin ya yi murmushin wanda bai so a yi nasara ba tare da shi ba.

Ita kuwa ta san halin mutuminta: ko tsohuwar jarida ba ya zubarwa. Ta karɓi linzamin kwamfutar ta buɗe ma'ajiyar manhajar. Kwafi tara! "Jadawali", "Jadawali sabo", "Na ƙarshe", "Na ƙarshe wallahi".

"Wanne ka yafe wa?"

"Na farko mana."

"Ni kuma 'wallahi' nake buɗewa."

Aka yafe wa "wallahi". Ta danna, allo ya yi shuɗi, darussa suka fara jeruwa, aji bayan aji. Mataimakiya ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye.

Mijin ya gyara zama. "Ai na ce lafiyarta ƙalau."

Jadawalin ya fito, kamar kowace shekara lissafi ya kwashe safiya duka. Ta sa hannu ta manna a allon sanarwa, ta bar wa malamin tarihi ƙorafinsa zuwa Litinin.