Motar Casimiro Ba Ta da Takarda

Ɓarɓashin fenti ne ya fara zubo wa Eloisa a ido kafin ta ga lambar. Tana kwance rigingine a ƙarƙashin a-kori-kurar mijinta, tocila a baki, buroshin ƙarfe a hannu, sanyin simintin gareji yana ratsa mata ƙashin baya. Mace ce da ta haura sittin, mai dafa wa 'yan makaranta abinci, wadda ko taya ba ta taɓa canzawa ba. Ta ƙara gogawa, ta kanne ido, ta bi haruffan da aka buga a jikin shasin, ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta mirgino waje da ƙyar, ta buɗe ƙofar direba, ta duba ɗan farantin ƙarfen da ke manne a gefe. Lambobin ba su zo ɗaya ba.

"To, Casimiro," ta ce a fili, alhali ita kaɗai ce a garejin, "ka kyauta."

A watan Maris zuciyarsa ta tsaya yana cikin sassabe a gonar tuffa. Ya bar mata gidan, da bishiyoyin, da wannan koriyar mota ta 1953 da ya gada wajen mahaifinsa. Rabin aurensu a ƙarƙashinta ya yi shi. Da tsatsa ta cinye shasinta na asali, sai ya sayo wani wajen 'yan gwangwan ya ɗora mata. Takardar mallakarta kuwa ta tafi tun shekarar da ruwa ya ɓalle daga magudanar gonaki ya shiga ɗakuna. Kullum sai ya ce, "In na ajiye aiki zan je ofis in gyara komai, mu riƙa kai tuffa kasuwar Asabar da ita, ke a gefena kamar matar gwamna." Ya ajiye aikin, bai je ba. Tun da takardar ta tafi motar ba ta sake hawa kwalta ba, iyakarta tsakanin bishiyoyi.

Eloisa ba ta taɓa son motar ba. Shekarar da rufin kicin ke yoyo, kuɗin gyaransa a kujerun motar nan suka ƙare. Amma yanzu 'yar ƙaramar motarta ta mutu murus, tuffa ta fara nuna ja, kuma ba da kai za ta kai ta kasuwa ba.

* * *

Wanda ya fara gaya mata maganar lambobin Delfino Roybal ne, shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci na garin Ojo Seco. Shi ya riƙe 'yarsu Marisela ranar baftisma, saboda haka compadre take ce masa, shi kuma ya ce mata comadre. Furannin kabari ba su gama bushewa ba ya zo, hula a hannu, ya zauna a kujerar Casimiro ya sha kofi.

"Comadre, ba na so in ƙara miki damuwa, amma gara ki ji daga bakina. Motar nan ba mota ba ce a idon hukuma. Tarin ƙarfe ce. Ba takarda, ba lamba, ba inshora."

"Ai sai a nema mata."

Ya yi wani murmushi na tausayi. "Da shasin wata motar? Kin san daga ina ya fito? In kika kai kanki, suka duba suka ga na sata ne, su kwashe motar, su kuma rubuta sunan compadre a cikin ɓarayi. Mutum yana kwance a kabari ki ja masa wannan?"

Ta ajiye kofinta ba ta sha ba. Ya lura, ya sassauta murya. Ya ce saboda zumunci zai ɗauke mata wannan nauyin, ya ciri abin da zai cira a jikinta, sauran ya zubar. Kuɗin da ya ambata ko na tayoyin bai kai ba. Marisela ma da ta kira daga Denver cewa ta yi, "Mama, ki ba shi ki huta mana. Me za ki yi da ita?"

Saura kaɗan ta amince. Abin da ya hana ta maƙwabciyarta ce, Doña Prudencia Vigil, tsohuwa mai sanda da kaifin baki, wadda wata rana ta ga motar Delfino ta sake fita daga gidan sai ta tsallako shinge da kwanon gurasa.

"Ya ce miki tarin ƙarfe ce, ko?"

"Ya aka yi kika sani?"

"Ya ce za a ɓata sunan mamaci?" Prudencia ta zauna tana haki. "Yarinya, kalma ɗaya ba su canza ba. Haka suka karanta min lokacin da mijina Onofre ya mutu. Na ba su jar motarsa har ina godiya. Shekara ba ta zagayo ba jikana ya nuna min ita a waya, ana gwanjonta a wata jiha, da takardarta sabuwa fil, a kuɗin da zai sayi gidana da naki. Ba Delfino kaɗai ba ne, akwai irinsa a ƙungiyar tasu. Shafin mutuwa suke fara buɗewa a jarida, kafin labarin ƙwallo."

"Amma abokin Casimiro ne."

"To da wa kike so ya cuce ki, baƙo? Baƙo ai bai san abin da ke garejinki ba."

Shi ya sa Eloisa ta ari tocila ta shiga ƙarƙashin motar da kanta. Delfino bai yi ƙarya a kan lambobin ba. Sauran maganar ce take so ta ji daga wani bakin.

* * *

Ofishin rajistar motoci ya wahalar da ita. Zuwan farko layi ya cinye mata wuni, aka ce ba nan tagar ba ce. Zuwa na biyu wani ya ce in babu tsohuwar takarda babu magana. Prudencia ce ta hana ta karaya. Tana binta a motar haya da goran shayi, tana zagin kowa ƙasa-ƙasa, ciki har da mai share falon.

A zuwa na uku suka dace da wata ma'aikaciya mai furfura da ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce ba ita ce ta farko ba, akwai hanya, sai dai tana da tsawo. Ɗan sanda zai duba lambobin ya tabbatar babu mai cigiyarsu. Wanda ya ga lokacin da aka canza shasin zai yi rantsuwa a rubuce. Kamfanin inshora zai tsaya mata na wasu shekaru, ko da wani zai fito ya ce tasa ce. Daga nan sai jiha ta ba motar sabuwar lamba, da takarda da sunanta.

"In kuma shasin na sata ne fa?" in ji Eloisa.

Matar ba ta ɓoye mata ba. "To za a riƙe motar."

Ta kwana biyu tana juya maganar. Ta tuna Casimiro, mutumin da ya taɓa komawa kanti cikin dusar ƙanƙara don ya mayar da canjin da aka yi masa ƙari. Amma shi ma ai saya ya yi, ina ya san abin da 'yan gwangwan suka sayar masa? In ta yi shiru sunansa na nan yadda yake, motar kuma ta ruɓe a gareji. Ranar Litinin ta ɗaga waya ta kira.

'Yar sanda aka turo, doguwa, ba ta kai Marisela shekaru ba. Ta shimfiɗa kwali ta shiga ƙarƙashin motar, ta fito, ta koma motarta ta daɗe tana danne-danne. Eloisa na tsaye a gefe da tsumman kicin a hannu. Prudencia kuwa ta kafa kujera a bakin gareji kamar mai jiran a zo a ɗaga ta da ƙarfi.

"Señora Maestas," 'yar sandan ta ce da ta dawo, "shasin na wata mota ce da aka yanka tun da daɗewa. Babu wanda ya taɓa kai ƙarar ɓatanta. Ita ma lambar ƙofar lafiya lau." Ta shafa murfin injin. "Wa ya yi wannan fentin? Hannunsa na da kyau."

Eloisa ta buɗe baki za ta amsa, sai kuka ya riga ta, irin wanda ko a maƙabarta ba ta yi ba.

* * *

Saura mai shaida. Mutum biyu ne suka taya Casimiro ɗora shasin: Onofre, wanda ya riga shi tafiya, da Delfino, wanda ya yi waldar da hannunsa. Ta kira shi, ya ce ya manta, abin ya daɗe. Ta sake kira, bai ɗauka ba.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci aka taru a zauren cocin ana karin kumallo, ƙamshin jan barkono da wake ya cika wurin. Delfino na zaune da matarsa Lucrecia da wasu 'yan ƙungiyar cikin rigunansu iri ɗaya. Eloisa ta ture farantinta ta miƙe ta nufi teburinsu. Ba faɗa ta je yi ba, ba ta ma iya ba.

"Compadre, alfarma na zo roƙo. 'Yan sanda sun duba, shasin ba na sata ba ne. Abin da ya rage kawai wanda ya ga an ɗora shi ya sa hannu. Ni na kawo muku abinci ranar, kana sanye da gilashin walda."

Delfino ya goge baki.

"Comadre, nan ba wurin wannan maganar ba ne. Rantsuwa ba wasa ba ce, ni kuma ƙwaƙwalwata ta tsufa."

"Ta tsufa?" in ji Prudencia daga bayanta. "Ɗazu na ji kana lissafa wa mutane kowace ƙusa da ke jikin motocinka."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da ita tari. Lucrecia ba ta yi dariya ba. Ta ajiye cokali, ta juyo ta dubi mijinta sosai.

"Wace mota ce ka ce min tarin ƙarfe za ka sayo? Ta Casimiro?"

"Lucrecia, a gida ma yi magana."

"A nan dai. Motoci nawa ne a garejinmu, ban san inda takardar ko ɗaya take ba. Ranar da aka binne ka, wanne daga cikin waɗannan zai zo ya sha kofina?" Ta bi mazan da kallo. Kowa ya sunkuya, ya ga abin sha'awa a cikin wakensa.

Ranar Laraba Delfino ya zo ofishin mai shaidar rantsuwa, Lucrecia na gefensa da jakarta a cinya. Ya sa hannu bai ɗago ba. A bakin ƙofa ya tsaya yana juya hularsa.

"Giya ta biyu tana da gardama," ya ce. "Sai kin taka kuloci sau biyu."

Bai nemi gafara ba, ita ma ba ta jira ba.

* * *

Takardar ba ta iso ba sai da rabin tuffar ya zube ƙasa ya ruɓe. Ta buɗe ambulan a bakin akwatin wasiƙa, ta ga Eloisa Maestas a layin mai mallaka. Gidan ma, da 'yar motarta da ta mutu, da sunan Casimiro aka saye su. Wannan ne abu na farko mai ƙafa da ta taɓa gani da sunanta ita kaɗai.

Koyon tuƙa tsohuwar motar ya zama abin kallo a unguwa. Motar ta mutu mata a gaban gidan waya, ta mutu a kan gada, ta kwashe wa Prudencia shinge. Amma sauran tuffar ya je kasuwar Asabar, kuma mutane suna zuwa ɗaukar hoton motar su tafi da jakar tuffa. Marisela ta zo hutu ta zauna a gefe, ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana ihu tana dariya.

Farkon sanyi Eusebio Luján ya rasu, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyar, mai wata baƙar mota da duk garin ya sani. Bayan jana'iza Eloisa ta ɗora tukunyar miya a kujerar koriyar motar, Prudencia ta riƙe murfin, suka nufi gidan makoki. Tun daga nesa ta hango su. Delfino ba ya ciki, wasu masu neman tsofaffin motocin ne, har da biyu da ba 'yan garin ba, sanye da baƙaƙen kwat, sun kare idanu da tafin hannu suna leƙen tagar gareji.

Akwai fili a bakin titi, amma ba ta tsaya nan ba. Ta taka kuloci sau biyu, ta hau gangaren a hankali har mazan suka dare, ta gitta motar a bakin ƙofar garejin, ta kashe inji, ta jefa makullin cikin jaka.

"Señora, kin tare hanya," in ji ɗaya.

"Na gani," ta ce, ta ɗauki tukunyarta.

A kicin suka sami matar Eusebio ita kaɗai a bakin tebur, da baƙin mayafi, kofin gabanta ya huce. Katuna biyu masu lambar waya, na masu neman motar mijinta, na ajiye kusa da hannunta. Eloisa ta ɗora tukunyar a wuta, ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Prudencia ta tura katunan gefe da bakin sandarta, ta ɗora kwanon gurasa a kansu.