Zaren da Ba a Yanke Ba

Shagon wankin Uwar Sitaci yana kallon ƙofar barikin 'yan sanda, titi ne kawai ya raba su. Shekara goma sha tara tana wanke musu kaki tana gogewa, da shi ta aurar da 'ya'ya biyu, da shi take sayen maganin maigidanta, tsohon direban da ƙafa ta zaunar. Cikin kaya goma da ke rataye a shagon, takwas na bariki ne.

Ita ba ta yi boko ba, amma ba a taɓa jin kayan wani sun shiga na wani a hannunta ba. Duk rigar da aka kawo sai ta soka mata zare a cikin wuya ta ƙulla, kowace rana da launinta, ta bar jela tana reto. Ranar da mai kaya ya zo karɓa sai ta yanke jelar da almakashi, ƙullin ya zauna. Yaran bariki har tsokanarta suke yi wai ta fi kwamfuta.

Ranar wata Asabar da hantsi aka harbe wani mai walda a layin gidan mai. Gardama ce kan wa ya riga wa, abin da ko mari bai kai ba. Wanda ya yi harbin Kofur Dogo ne, mutumin da ke kawo mata wanki duk Alhamis. Mai waldar ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu.

Kafin a kai mamacin makwancinsa hukuma ta fitar da sanarwa: Kofur yana bakin aiki, sanye da kakinsa, ya je kama wanda ake zargi da sata, shi kuma ya yi yunƙurin ƙwace bindiga. Waɗanda ke layin suka rantse da kayan gida suka gan shi, aka ce 'yan tayar da zaune tsaye ne. Gari kuwa ya ɗauka. A rediyon maigidanta, da ba ya mutuwa sai batir ya ƙare, wannan ya bugo ya ce a rushe barikin baki ɗaya, wancan ya ce in babu 'yan sanda wa zai yi barci da ido biyu rufe. Kowa lauya, kowa alƙali. Da surutu ya yi yawa aka kafa kwamitin bincike, aka ce mai shaida ya fito.

Uwar Sitaci ta san da sake tun ranar da ta ji sanarwar. Kakin Kofur guda biyu, da sunansa ɗinke a ƙirji, suna rataye a bayan shagonta cikin leda. Shuɗin zaren Alhamis ne a wuyansu, jela na reto. To da wane kakin ya je aikin?

Ta ture su can ƙurya ta rufe da bargon wani. Kwana tara tana guga tana ƙona yatsa. Da ta gaya wa maigidan, sai ya rage muryar rediyon, abin da bai saba yi ba. Ya ce ta yi wa Allah ta ja bakinta, ba a zama a inuwar bishiya ana saran gindinta. In bariki ya juya mata baya, wa zai kawo wanki? Ita ma ta san gaskiyarsa. Tsoro take ji, ba kaɗan ba.

Ranar ta goma babbar 'yar mamacin ta shigo da kayan makarantarta a hannu, ta ce a goge mata, za ta raka mahaifiyarta gaban kwamiti. Tana jira ta faɗa, kamar ba komai ba, cewa ta daina zuwa aji saboda ana kiranta 'yar ɓarawo. Ba ta yi kuka ba, kukan ya riga ya ƙare. Uwar Sitaci ta goge rigar sau biyu don kada ta ɗago kai.

Da yarinyar ta fita ta jawo ledar daga ƙarƙashin bargon. Maigidan ya bi ta da ido.

"Malam, in na yi shiru, da wane hannun zan riƙa karɓar kayansu?"

 Ya ce ta miƙo masa sandarsa, ba za ta je ita kaɗai ba.

Zauren ya cika maƙil, fanka ɗaya ce ke aiki. Tsohuwar alƙaliyar da ke shugabantar kwamitin ta ce a ba ta kujera, Uwar Sitaci ta ce tsayuwa ta saba. Ta shimfiɗa kakin a kan tebur ta yi bayanin zarenta tiryan-tiryan. Lauyan Kofur ya miƙe yana murmushi, ya ce ashe yanzu da zare da allura ake shari'a, ai kowace tsohuwa za ta iya soka zare jiya ta zo ta ba da labari. Wasu suka yi dariya. Nan fa ranta ya ɓaci, tsoron ya bi iska.

"Ranki ya daɗe, ga 'yan bariki nan zaune a baya. A ce kowannensu ya juya wuyan rigarsa."

 'Yan sandan da ke jere a bayan zauren suka sunkuyar da kai, babu wanda ya motsa. Sai wani Saja mai furfura, wanda saura masa wata bakwai ya yi ritaya, ya tashi a hankali. Ya zo gaba ya ɓalle maɓalli biyu, ya juya wuyan rigarsa. Ƙulle-ƙulle ne jere, ja da fari da shuɗi, duk an yanke musu jela. Ya ce kaki biyu ake ba kowa, kuma shi ya raba aiki ranar Asabar ɗin, bai sa Kofur a ko'ina ba. Hutu yake, bindigar ma bai kamata ta kwana a hannunsa ba. Ya ce ya yi shiru ne don an ce ya yi shiru, kuma ya ji kunya.

Kwamitin bai gama aiki ranar ba, irin wannan ba ya ƙarewa da wuri. Amma cikin makon aka janye sanarwar, aka miƙa Kofur kotu, aka fara tambayar wanda ya rubuta ta. Rediyo ya faɗi sunan mai waldar ba tare da kalmar sata ba.

Shagon Uwar Sitaci kuwa ya bushe. Litinin ba kowa, Talata ba kowa. Waɗanda ke kiranta Mama suka koma tsallaka titi ta can nesa. Ta share shagon, ta sake sharewa, ta zauna ta zuba tagumi. Maigidan bai ce ai na gaya miki ba, wannan kam ta yaba masa.

Ranar Juma'a da safe tana tunanin ko ta sayar da babban dutsen gugar, sai inuwa ta tare ƙofa. Saja ne da ƙunshin kaya a hammata. A bayansa wasu matasa uku da wata 'yar sanda, kowa da nasa, suna ta noƙe-noƙe.

"Mama, mu biyar ne yau. Sauran sai a hankali."

Ta karɓi ƙunshin. Sai ta juya ta daka wa maigidan tsawa, hawaye na bin fuskarta, wai shi ba ya ganin mutane ne, ya kashe rediyon nan ya hura mata gawayi.